Bututan da Baffa Ya Toshe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau. Inna tana cin abinci sosai yanzu, ƙafar ce dai har yau sai da sanda. Auta kuma ta ci jarrabawarta.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa, don ba na son in rubuto maka cikin fushi. Ga ta huɗun, fushin bai tafi ba.

Ka tuna katangar dutse da siminti da aka fara bayan gidanmu, bayan tudun ya zaftaro ya binne ɗakin girki. Ka tafi kafin a gama, shi ya sa ba ka ga bututan roba da aka jera a jikinta ba, guda goma sha huɗu. Injiniyar da ta duba aikin ta tara mu ta ce katangar ƙasa take riƙewa, ba ruwa ba. Ruwan da tudu ya sha dole ya sami mafita, in an hana shi sai ya ture katangar gaba ɗaya. Na rubuta wannan a littafina a ranar. Baffa yana wurin, har da gyaɗa kai.

Da damina ta faɗi, bututan suka fara zuba, ruwan yana bin bangon sabon shagon Baffa da ke gefen katangar yana ɓata masa fenti. Sai ya kira magini, aka cusa siminti a guda goma sha ɗaya. Ukun da suka tsira, tsani ne bai kai ba. Wai ma'aikatan ragwaye ne, ina aka taɓa gina katanga a bar ta da huji?

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Ina tsaye aka yi, na yi shiru har kwana tara, ina ce wa kaina wataƙila ban fahimci injiniyar ba, ni da iyakata sakandare. Sai katangar ta tsage. Ranar Asabar tsinken ashana ne ke shiga tsagar, Talata fensir, jiya yatsana. Katangar ta yi ciki kuma, daidai saitin ɗakin Inna. Na auna, taku huɗu ne tsakaninsu.

Na sami Baffa a shago cikin ladabi. A gaban masu sayayya ya kira ni injiniyan littafi, ya ce tun ina tsumma yake sa a yi gini, in je in auna kaina da ashanar. Suka yi ta dariya. Inna kuwa ta ƙi tashi daga ɗakin, wai kada a ce ta haɗa ni faɗa da ƙanin ubana. Kai ma, Yaya, da ya kira ka, aka ce ka ce a yi haƙuri da yaro. Shekarata arba'in da biyu. Ba ka ga katangar ba, ba ka tambaye ni ba, ka yanke hukunci daga inda kake. Wannan ya fi dariyar shago ƙona mini rai.

Yau da safe na ɗauki guduma na fasa simintin bututu ɗaya. Ruwa ya yi tsartuwa, jawur, ya cika duro biyu, har azahar bai tsaya ba. Baffa ya gani da idonsa, amma abin da ya ce kawai, in na taɓa na biyu kada in sake kiransa Baffa. Na ɗauke gadon Inna zuwa ɗakina, tana faɗa ina kwasar kaya.

Ba izini nake nema ba. Hadari yana haɗuwa, saura guda goma, kafin wasiƙar nan ta iso gare ka na gama da su. Har yanzu ina tsoron ko na yi kuskure. In kuskure ne, fenti ne zai lalace, zan durƙusa in ba shi haƙuri a gaban kowa. In kuwa na bari alhali ina da gaskiya, ban san da wane baki zan gaya maka ba. Ka kira shi, kai yake ji. Amma kada ka ce mini in yi haƙuri.

Ka gaida mai ɗakinka, da babbar 'yarka, da tagwaye. Inna tana gaishe ka, ni dai ba ta yi mini magana ba tukuna.

Ƙaninka.