Masu Gaisuwar Sani

Yaya Hajara,

Ina gaishe ki. Ina maigida da yara, ya zaman Abijan?

Sanƙarau ya ɗauke mana Sani. Shekara tara yana ɗakina, tun da ƙanwarmu Rabi ta yaye shi ta ba ni riƙo. A cinyata ya cika. Amma masu gaisuwa, har na Konni, gidan Rabi suka nufa. Ita aka shimfiɗa wa tabarma, ni aka miƙa wa tulu in ɗebo wa baƙi ruwa.

Yaya, har kukanta haushi yake ba ni. Ki roƙa mini Allah ya wanke zuciyata, ki gaida kowa. Rabi ta aiko a karɓi jakarsa ta lakwal, wadda yake zuwa makaranta da ita, na ce ban gan ta ba. Da ita nake matashin kai.

Ƙanwarki Zinatu,
Dogarawa