Ɗaurin Anga a Akwatin Falmata

Daren Talata, Gwange

Falmata ta tafi Kano karatun jinya yau. Ni na haɗa mata akwati, na kori uwarta daga ɗakin. Shekarun da na yi ina tuƙa jirgin inji a Baga kafin mu gudo, ban koyi komai ba sai ajiye anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a akwatin goshin jirgi. Ka naɗe haƙoransa da tsohon buhu, ka ɗaure shi tam a zobe, don in ya yi wasa, igiyar ruwa ɗaya ta isa ya huda maka jirgi. Haka na yi wa dutsen gugarta da risho.

Ta ce, "Baba, mota zan hau fa, ba tafki ba."

Na ce, "Hanyar Damaturu ta fi tafki, 'yar nan."

Duk muka yi dariya, amma gajeriya.

Daga azahar wayarta ta daina shiga. Na yi ta zarya tsakanin zaure da ƙofar gida, har uwarta Ya Hajja ta ce, "Malam, ka ɗaure rishon mutane, kai wa zai ɗaure ka?" Ita ma tuwonta ya ƙone.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara. Ko sallama babu: "Baba, na iso, amma ƙullinka ya ƙi kwancewa! Wuƙa zan sa."

Na ce, "Kul! Ja gajeren bakin igiyar."

Na ji ta ja, sai dariyarta. Sai a lokacin na zauna.