Mai Tsaron Raga Ɗaya, Wasa Biyu

Yaya Jarmila,

Gaisuwa daga arewacin Sweden. Yaya Mama da ciwon bayanta? Ni lafiya lau, sanyi ya ɗan taɓa yatsuna, amma suna nan cif.

Ni kaɗai ne mai tsaron raga a ƙauyen nan, ƙwallon ƙafa lokacin zafi, hoki, wato ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, lokacin sanyi. Bana mun cinye gasar gundumarmu, saura mu doke zakarun gundumar maƙwabta a ɗaga mu rukuni na sama. Ranar wasan kuwa ake buɗe gasar hokin yankinmu, can bakin iyakar Finland.

Gunvor, wadda nake haya a gidanta, ita ke shugabantar ƙwallo. Ta ce, "Ɗan nan, in ka tafi hoki, haɗa da akwatinka." Torbjörn, ubangidana a wurin yankan katako, shi ke da hoki. Ya ce, "Bi ƙwallo mana, sai Gunvor ta ba ka aiki!"

Na ce masa ina da ƙane gwanin tsaron raga a ƙanƙara, aiki kawai ya rasa. Nan take ya ce ya ɗauke shi.

Ki turo ƙanenmu Bohus kafin ƙarshen wata. Don Allah ki sa ya fara koyon tsaron raga tun yau.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Radovan