Walimar da Ta So Cinye Idon Baba

Zuwa ga yayana Mamman, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da harkokin kasuwa. Mu nan Filinge sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sosai bana, gero ya fara fitar da kai.

Na rubuto maka ta nan shafin sada zumunta inda jama'a ke gani ne don na lura nan kaɗai kake karanta abu har ƙarshensa. Saƙonnin murya da na tura maka suna nan ba ka buɗe ba, amma ranar da aka shiga da Baba ɗakin aiki ka samu lokacin ɗora hotonsa, wani tsohon hoto na tun Inna na da rai, ka rubuta a sa mahaifinka a addu'a. Mutane suka yi ta yi maka sannu da ɗawainiya, kai kuma kana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ko kunya babu. Na karanta duk wannan ina zaune a benci a asibitin Yamai, takalman Baba da hularsa a kan cinyata.

Bari in tuna maka abin da aka yi masa, don ban tabbata ka riƙe ba. Idonsa na hagu ya mutu tun shekarar da wani mai magani ya taɓa shi da allura a kasuwa. Na dama ne ya rage, shi ma yanar ido ta rufe shi shekara huɗu, har Baba ya koma gane mutane da murya. Shi aka yi wa aiki, kuma bayan shi babu wani. Da aka sallame mu lokotoro, wato likitan, ya kafa mini sharuɗɗa yana nuna ni da biro: kada hayaƙi ko ƙura su taɓa idon, kada Baba ya sunkuyar da kai, ya yi salla a zaune, kada a cire murfin robar da aka liƙa masa sai lokacin ɗiga magani. Ya ce in an kiyaye wata guda, Baba zai ga zare a ramin allura. Na tura maka wannan ma, yana cikin waɗanda ba ka buɗe ba.

Kwana huɗun farko mun yi su lami lafiya. Allah ya sa bakansi ne, lokacin hutu, lakwal a rufe, na baro Bonkuku inda nake koyarwa na tare a gida. Na mayar da girki gidan maƙwabta don ko warin itace kada ya shigo. Shara sai na yayyafa ruwa. Da safe in ɗiga masa magani, in kunna masa rediyo, ya yi ta gardama da masu labarai kamar suna jinsa. Ni kuma in zauna gefensa ina tsinke zogalen da Inna ta shuka bayan rumbu, in yi masa kwabto, wato kwaɗo, da ƙuli yadda yake so. Abin da ya dame shi ɗaya ne, dara. Ka san shi da abokinsa Baba Arzika, fiye da shekara talatin suna haƙa gurabe a yashi ƙarƙashin gawon ƙofar gida. Ko da ido ya tafi bai daina ba, da lalube yake yi, Baba Arzika kuma yana matsar da 'ya'yan dara yadda ya ga dama yana rantsuwa bai taɓa komai ba. To dara a ƙasa ake yinta, sai an duƙa, shi kuwa an hana shi duƙawa.

Rana ta biyar sai ga Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, da rago a igiya da mata shida a bayanta. Ta ce Mamman ya bugo daga Kwatano, ya ce a yi walimar godiya gobe, a kira malamai da dangi har na Damana. Na kira ka a take, kuma abin mamaki ka ɗauka. Na ce a bari sai bayan wata. Ka ce mini ba za a ce mahaifinka ya tashi daga aiki gidan ya yi tsit kamar ba shi da ɗa ba, ka ce ni mace ce, ban san mutuncin gida ba. Ni da nake wanke masa ido da safe da yamma, ni ce ban san mutuncin gida ba. Kai da ba ka taka gidan ba shekara bakwai, kai ka sani.

Ka manta damina ake, ko kuwa ba ka taɓa hura wuta ba a rayuwarka. Itacen da aka kawo jiƙaƙƙe ne sharaf. Tukwane uku aka ɗora a tsakar gida, taku goma daga ƙofar ɗakin Baba, aka kuma babbake kai da ƙafafun rago a nan. Hayaƙi ya ƙi tashi sama, ya kwanta a gidan har mu masu ido biyu muna hawaye. Na rufe ƙofarsa na toshe taga da zane. Gwaggo ta buɗe, ta ce ba a ɓoye mai gida ranar walimarsa. Ta ma zo da kwalli a ƙulle a bakin zane wai a zizara masa idon ya yi haske. Wannan dai na ƙwace na jefa a rijiyar banɗaki, kuma har yau ba ta amsa gaisuwata.

Sai ka kira ta bidiyo. Na ga ka tara abokanka a shago, kana ta juya waya su gani. Ka ce a fito da Baba tsakar gida, aka fito da shi. Ka ce wannan robar ta ɓata masa fuska, a ɗan cire minti ɗaya mutane su ga ido ya buɗe. Na ce ba za a cire ba. Baba ya ɗaga hannu ya ɓare ta da kansa, ya ce, “Bari, ɗiyata, yaron shi gani. Kak ki kunyata shi gaban mutane.” Ya zauna cikin hayaƙin nan yana ƙifta ido yana murmushi ga wayar da ba ya iya gani, ku kuma kuna ta kabbara daga can bakin teku. Minti ɗayan naka ya kai rabin sa'a.

Da azahar ta yi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na kai masa kujerarsa. Ya dubi inda yake jin muryoyin sa'o'insa, ya ture ta da ƙafa. Baba ba zai zauna a kujera ba alhali tsofaffin da suka girme shi suna kai goshi ƙasa, wannan ko kai ya kamata ka sani. Raka'a huɗu ya yi da sujadarsu cif, ina tsaye a zaure ina kallo, ba ni da bakin magana a sahun maza.

Washegari idon ya ƙi buɗuwa. Ya yi ja, ya liƙe da kwantsa, Baba na riƙe da gefen kansa yana cewa ba komai. Muka sake kama hanyar Yamai, ina tare masa kai da hannu duk ramin da mota ta faɗa. Lokotoro ya duba, ya ajiye fitilarsa, ya tambaye ni ko ni ce malamar makarantar da ta ce ta gane bayani. Ya wanke ni tas a gaban masu jinya, ni kuwa ban ga amfanin cewa wani yaya ne a Kwatano ya so hoto ba. Ya canza magunguna, ya ce ba zai yi mini alkawarin komai ba, sai an ga yadda mako biyu za su yi.

A ranar ka ɗora bidiyon walimar. Ka sa masa waƙar yabon iyaye a ƙasa. Na aika maka cewa idon ya kumbura, wannan karon da rubutu don kada ka ce ba ka ji ba. Amsarka ita ce komai nufin Allah ne, kuma da ba don matsalar rufe iyaka ba da ka zo. Yaya, masu albasa suna ƙetare kogi duk mako su je su dawo. Kafin a yi zancen iyaka ma shekara nawa ka yi ba ka zo ba? Ka nemi wata hujjar, wannan ta tsufa.

Mako biyun nan ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Baba ya daina gardama da rediyo. Yana zaune kawai, hannuwa a gwiwa. Ranar nan ina daka sai dabara ta zo mini. Na kifa babban turmin Inna a gabansa, na ɗora tiren da muke shanya kuɓewa, na cika shi da yashin da na jiƙa don kada ya yi ƙura. Tsayin ya zo daidai ƙirjinsa in yana kan kujera. Na kama yatsansa na dangwala a yashin. Sai ya shiga haƙa gurabe, layi biyar, shida shida, bai kuskure ko ɗaya ba. Baba Arzika da ya zo da la'asar ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa ganin dara bisa turmi ba, sannan ya jawo kujera.

Da hantsi kuwa ba abokin wasa, sai ni. A shekaruna na koyi dara, abin da ko a mafarki ban zata ba. Shi yana riƙe da karare, ni tsakuwa, yana cinye ni yana mini tsiya, wai kan malaman lakwal ba ya ɗaukar abin da ba a rubuta a allo ba. Kullum in na yi wani shirme sai ya ce, “Mamman da yana shekara tara ba ya yin wanga.” Ka ji, kai ne dai ma'aunin. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Amma na tuna. Na tuna kana ɗan yaro kana tsugune gefensa ƙarƙashin gawo, kana riƙe masa karare, yana ɗora hannunsa a kanka in ka hango masa ci. Na tuna ranar da ruwa ya cika hanyar lakwal ka goya ni har aji, ka koma naka a jiƙe aka yi maka bulala, ba ka faɗa wa kowa dalili ba. Wannan yayan nake nema. Ban san inda ka ajiye shi ba, amma ban yarda ya mutu ba, shi ya sa nake ɓata yatsuna da rubutun nan maimakon in share ka.

Allah ya yi mana rahama, idon ya tsira. Lokotoro ya ce ba zai kai yadda ya so ba, zaren allura dai an fasa, amma Baba yana gani. Wanda ya fara shan wahalar haka Baba Arzika ne, don an kama hannunsa dumu-dumu yana matsar da tsakuwa, aka yi ta cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Baba ya zagaya bayan rumbu ya daɗe tsaye gaban zogalen Inna. Ya dube ni ya ce na rame, ya ce na ɗauko goshinta.

Shekaranjiya ya ce in nuna masa bidiyon walimar da ake ta ba shi labari. Ban so ba, amma na kashe sautin waƙar nan taka na miƙa masa. Ya gane Gwaggo, ya gane liman, ya yi dariyar kansa. Da aka zo wurin da ka juya waya kana nuna fuskarka, sai ya matso da ita kusa, ya ce, “Wane na wanga mai gemu?” Na ce Mamman ɗinsa ne. Ya ce in buɗe sauti. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, “Muryatai ta. Amma huskar ga ban san ta ba.” Ranar ko dara bai yi ba.

Ba rago muke so ba, Yaya, kuma kada ka sake aiko kowa da igiya. Lakwal za ta buɗe nan da 'yan makonni, zan koma Bonkuku, kujerar da ke fuskantar turmi za ta zama ba kowa da hantsi. Ido ɗaya gare shi, shi ma an ƙwato shi ne da ƙyar, kuma ba wanda ya san tsawon kwanakin da aka ba shi. Ka zo ya ga fuskarka da shi. Ka zo ba tare da abokai ba, ka bar wayar a aljihu.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya dawwamar masa da hasken da ya mayar masa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa tana cikin rahama. Kai kuma Allah ya tsare ka, ya buɗe maka hanya, ya karkato da zuciyarka gida tun Baba yana iya gane wanda ya shigo.

Karare goma sha biyu suna nan ɗaure a aljihun rigarsa. Ni ba ya bari in taɓa su, ya ce akwai mai su.

Ƙanwarka,
Rabi
Filinge