Kuntigin Baba na Cikin Tsohon Rumbu

Zuwa ga ƙanwata Ma'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Inna da mutanen Gulma? Ni lafiya lau nake a Bangaladesh, karatun noman shinkafa yana tafiya. Tarin ya yi sauƙi, kada ki gaya wa Inna. Ruwan sama ne dai ba ya ɗaukewa, kuma wata huɗu ban yi Hausa da kowa ba.

Akwai wasu mawaƙa a nan da ake kira Baul. Suna yawo ƙauye-ƙauye da abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya, suna waƙar neman Allah cikin zuciya. A wani littafin labari da na karanta, kullum rawa suke da dariya. Wanda na gani a kasuwa ran Laraba ba haka yake ba. Tsoho ne, samarin ƙauyensu sun aske masa gashi da ƙarfi, sun karya abin kiɗansa. Yana zaune yana motsa yatsa a gwiwa, kamar tsarkiyar tana nan.

Ma'u, haka yatsan Baba yake yi tun ranar da na ce kuntiginsa yana ba mu kunya, na jefa shi cikin tsohon rumbu. Shekara tara ke nan.

Don Allah ki ciro shi, ki sa Aminullahi mai gyaran kayan kiɗa ya ɗaura sabuwar tsarkiya, ki ajiye kusa da tabarmar Baba. In ya tambaya, ki ce ni ne. In kuma yatsan ya riga ya ƙi, kada ki ɓoye mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Muhammad Sani