An Raba Sunana Ina Raye

Khanom, uwargida mai wannan fili, ki taimake ni da shawara, don murna da zargi sun haɗu a cikina, na rasa wanda zan bi. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura sittin na shiga ajin yamma na manya a nan Yazd, ƙasar Iran.

Kwana ashirin ke nan matar ɗana Behruz ta haifi namiji, jikana na fari. Unguwa guda na raba wa alawa, har da waɗanda ba ma gaisawa. Aka sa masa suna Tirdad. Ni kuwa sunana Khodadad. Wato sun ɗauki Tir, watan da aka haife shi, suka haɗa da rabin sunana na ƙarshe. Da na ji, a gaban surukai na yi kuka.

Sai bayan kwana uku, ina ba bishiyar rumman ruwa, abin ya faɗo mini. A gidanmu kowane suna biyu ne a haɗe, jariri kuma yakan gaji rabi daga wani kakansa, amma ba a taɓa sunan mai rai. Ni na sami Khoda daga kakana Khodabakhsh bayan an yi jana'izarsa. Behruz ya sami Beh daga mahaifina Behnam, shekara biyu da rasuwarsa. To ni da nake yawo da ƙafafuna, me ya sa aka raba nawa?

Ga abin da ya ƙara daga mini hankali. Wata biyu da suka wuce Behruz ya kai ni asibiti kan ciwon ciki. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ya ce in jira a waje, ya tsaya da Behruz. Takardar sakamakon ban sa ta a ido ba, wai gyambon ciki ne. Tun ranar, matata Gohar, wadda ta shekara arba'in tana ce mini, "Kai tsoho, ajiye zaƙin nan kafin ya kashe ka," ita ke turo mini farantin kayan zaƙi. Da na yi magana ta ce, "In hana ka, ƙorafi, in ba ka, ƙorafi. Ci ka ba ni kwanona." Amma ba ta kalle ni ba.

Malamin ajinmu ya ce a wurin Farisawa da Girkawa na zamanin da, ɗa yakan ɗauki rabin sunan ubansa uban na zaune lafiya. Na ji. Sai dai malamin abokin Behruz ne.

Yanzu in na ɗauki yaron sai in riƙa leƙen fuskokin mutane maimakon tasa. In tambaya ne, ko in yi shiru in bar su da sirrinsu?

Kakan Tirdad

Baba, barka da samun jika, Allah ya raya shi.

Ba zan ce maka zarginka banza ne ba. Iyalai da yawa sukan ɓoye wa dattijo sakamakon asibiti, da sunan tausayi. Amma sunan ba hujja ba ne. Malaminka gaskiya ya faɗa, kuma mai yiwuwa Behruz bai ma san ƙa'idar gidanku ba. Ka taɓa zaunar da shi ka gaya masa? Gohar kuwa, ko gyambon ciki ya isa ya tsorata macen da ta shekara arba'in da miji.

Ka daina karanta fuskoki. Jikinka ne, takardar kuma taka ce. Ka kira Behruz ku kaɗai, ka ce ya kawo ta, ka karanta da idonka. Abin da ya shige maka duhu, ka koma wurin likitan, wannan karon kana zaune a ciki. Kada ka fara da zargi, kada kuma ka sa sunan yaron a rigimar, don shi zai ɗauke shi tsawon rai.

In lafiya ce, ka huta. In kuwa akwai ciwo, gara ka sani yau, ka nemi magani da kanka, su ma ka sauke musu nauyin yi maka murmushin dole. Ka yi wannan kafin mako ya fita. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ga ranar da zai fara kiranka Kaka.