Kilo Takwas Kafin Aikin Gwiwa

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya maigidan naki? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Bayan haka, kin san likita ya ce ba zai yi mini aiki ba sai na sauke kilo takwas, kuma saura wata ɗaya a sake auna ni. In na faɗi awon, sai sabon layi, ni kuwa matakala ukun ƙofar gida sun fara gagarata.

Agogon nan mai ƙirga taku da kika aiko ina amfani da shi. Kullum da yamma yakan nuna na ƙona kalori ɗari biyar, wataran har ɗari shida. To a ganina abin da na ƙona nawa ne, sai in mayar da abina: burodi yanka biyu da bota, shayi da madara, in da saura in ɗora ayaba. Babanki ma ya ce haka ne daidai, wai ko mota in ta yi tafiya ana ƙara mata mai. Amma sikeli ya kafe wuri ɗaya kamar an buga masa ƙusa.

Ke da kike nas, ki gaya mini gaskiya: abin da mutum ya ƙona, ya ci ko ya bari? Allah ya yi miki albarka.

Mamanki.

*

Mama,

Ina gaishe ku da kyau, ke da Baba. Allah ya ƙara sauƙi.

Agogon nan yana da ƙari a magana, Mama. In ya ce ɗari biyar, ki ɗauka ɗari uku ne. Ranar da kika motsa sosai har yunwa ta dame ki, ki ci rabin abin da ya nuna, ranar da babu yunwa ki bar shi. Shayin nan da burodi kaɗai sun cinye duk abin da kika rage da rana.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Agogon yana turo lissafinsa wayata, kuma na ga taku dubu goma sha ɗaya a rana, duk tsakanin ƙarfe biyu da huɗu. Tun ina yarinya wannan lokacin barcinki ne. Ba na zargin kowa, amma ki tambayi Baba ko ya san wani abu.

Ku huta lafiya.

'Yarki, Auta.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Ni na karanta wa mamanki saboda ta ajiye tabaraunta, kuma na tsallake sakin layi na ƙarshe. Shekara talatin da ɗaya ina rarraba wasiƙun mutane ban taɓa ɓoye ko kalma ba, sai a kanki.

Ni ne. In ta kwanta takan ajiye agogon a kan teburin gefen gado, sai in ɗaura in bi tsohuwar hanyata ta aiki, in mayar kafin ta farka.

Shekara arba'in muna ci a kwano ɗaya. Tun da aka ware mata ɗan farantin nan na rage ƙiba, abinci ya daina wuce mini. Wata rana na leƙa kicin na tarar tana lasar cokalin da ta zuba mini miya da shi, tana waige-waige. Washegari na ɗauki agogon. Na ce a raina tun da gida ɗaya ne, ni in ƙona ita ta ci. Na san ba haka jiki yake ba, amma na ƙi tsayawa in yi tunanin.

Jiya aka auna ta, kilo biyu kawai ta sauke. An ɗage aikin wata huɗu. Da muka dawo ta tsaya gaban matakala tana kallonsu ta daɗe, kuma ni na ja mata wannan. Kunya ta hana ni faɗa mata. Ki ba ni shawara.

Mahaifinki.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na ga babanki yana ɓoye ambulan, na san abin da ya rubuta miki.

Tun ranar farko na sani. Ni a ramin ƙarshe nake ɗaura igiyar agogon, na tashi na gan ta a na biyu, da ɗuminta ma. Na yi shiru ne don tun da ya yi ritaya shekara biyu yana zaune bakin taga, sai ga shi yana shigowa da ƙura a takalmi yana fito. Na ji tsoron in na daina ci zai daina fita. Yunwa ma ta sa hannu, ba zan yi miki ƙarya ba. Da na ga na kasa tsayar da mu, shi ne na rubuto miki.

Na bar masa agogon, ya ci duk abin da ya ƙona, dama ya rame. Yau ya riƙe hannuna muka sauka matakala muka je har bakin titi. Taku ɗari biyu da goma, shi ya ƙirga da bakinsa. Ban ci komai don in mayar da ko ɗaya ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki.